Rumfar Tura Waƙa a Ƙofar Ƙwaya

Rumfata taku uku ce,
kwamfuta ɗaya mai tari,
igiyoyin caji sun sarƙe kamar saiwar gamji.
Ɗari biyu in cika maka memori.
Ba na tambayar kowa komai,
sai dai kunne ba shi da ƙyaure.

Da hantsi Mannir bakanike ya zo da mutanensa,
sifika tana zubo muryar yarinyar nan da gari ya ɗauka.
Ya yatsine fuska: "Kashe mana wannan.
Waƙar mata ce, ta zaman kitso da ƙunshi,
inji ne ke yi mata aikin maƙogwaro."
Suka yi dariya har benci ya yi ƙara.
Na kashe. Ciniki ya fi gardama.

Bayan isha'i ya dawo shi kaɗai,
farce duk baƙin mai, murya ƙasa-ƙasa:
"Waccan ta ɗazu... ƙanwata ce ta aiko ni."
Mannir, tare muka yi firamare.
Ku shida ne a gidanku, duka maza.
Na tura masa,
na ƙara biyu kyauta, a kai wa ƙanwar.

Akwai wani yaro mai irin waƙarta,
inji ɗaya, kiɗa ɗaya,
hawaye iri ɗaya kan saƙon da ba a amsa ba.
Shi fasihi suke ce masa.

Ran wata Talata aka taru kan hotonta.
Wani ya ce, "Ashe baƙa ce?
Ni da na ji muryar, na ɗauka fara ce."
Maganar ta tsaya mini kamar tsakuwa a shinkafa.
Yaya muryar fara take?
Wa ya taɓa jin launi da kunne?
Shekara ta zagayo, sabon hoto ya fito,
fuska ta yi haske,
gaɓoɓin yatsu sun ƙi bin umarni.
Mutumin nan dai, a kan bencin nan dai:
"Tir. Ta shafa mai. Ba ta gode wa Allah ba."

In na saki kiɗan Legas, sai a ce hayaniya,
ba a ma san abin da suke faɗa ba.
In na saki na Indiya, sai a lumshe ido.
Shi ma ba wanda ya san abin da suke faɗa.

Uchenna mai gilashin waya, maƙwabcina,
gurmi yake so, tsohon ɗauka mai ƙugi,
yana bin baiti kafin mai waƙar ya kai.
Wani ya leƙo: "Kai ma kana jin wannan?"
Bai ɗaga kai daga wayar da yake liƙa ba:
"A Sabon Layi aka yanke mini cibi."

Malam Tukur na kwaleji yakan zo caji kawai.
Ya ce waƙa ta mutu tun zamanin kaset,
abin da ya rage shara ce.
Kansa bai motsa ba, gaskiya,
amma na ga babban yatsansa cikin takalmi.

'Yan mata su ba sa kawo uzuri.
Murja ta ajiye kuɗinta, ta faɗi abin da take so,
ta ce, "In ku kuka so abu, sunansa fasaha.
In mu muka so shi, sai a ce yayi ne, zai wuce.
To ya wuce mana. Tura min kafin ya wuce."

Sha ɗaya na dare nake jan ƙyaure.
Janareta ya yi shiru, Ƙofar Ƙwaya ta rage magana.
Na san sirrin aljihun rabin unguwa,
na san wa ke kuka da wace murya.
In na kama hanyar gida, abin ji a kunne,
aka tare ni aka ce me kake saurare,
nakan ce labarai.