Agogo a Gwangwanin Shayi

Ranar da muka hau Iten da jakunkunanmu,
koci Kibiwot ya miƙa tafin hannu.
Ya tattara agogunanmu a gwangwanin ganyen shayi,
ya danna murfi, ya ce sai mako goma sha biyu.

Daga nan sai hanya.
Jar ƙasa, hazon asuba, inuwar itatuwan turare,
kilomita ashirin a sannu,
sannu ƙwarai, har jakin mai madara ya kan wuce mu.
Ni da na saba cinye zagaye huɗu kamar gobara
aka mayar da ni garwashi a ƙarƙashin toka.

Ya kan ce: Jelagat, wa ya taɓa tone dankali
kowace safiya don ya ga ko ya yi ƙwai?
In ce to.
Amma dare na da tsawo a kan tudu,
kuma akwai tambayar da ba ta barci:
gudun nan yana nan kuwa,
ko na zubar da shi a hanya, kaɗan kaɗan,
kamar buhun masara mai huji?

A mako na bakwai na gaza.
Lahadi, kowa ya tafi coci,
na ja ƙanena Kipsoi zuwa filin Kamariny,
wayarsa mai fasasshen gilashi a hannu.
Tumaki uku ne 'yan kallo.
Na ɗaura takalman ƙusa, suka yi mini baƙunta.
Ya ce tafi.

Zagayen farko ƙafafu suka tambaye ni ko lafiya.
Na biyu suka fara tuna sunana.
A na uku, inda kullum ƙirji kan kama da wuta
har in ji ɗanɗanon ƙarfe a harshe,
sai na tarar da ɗaki a cikin ƙirjina,
fili fetal, iska na kai da kawo.
Na ce wa ƙafafu ku zo mu shiga.
Suka ƙi.

Minti huɗu da daƙiƙa ashirin da shida.
Tara ta ƙaru a kan na bara.
Kipsoi ya ce wataƙila wayar ce.
Ba wayar ba ce.

Litinin, a hawan da ke bayan makarantar firamare,
sha-raɓata ta hagu ta riƙe kamar an ɗaure da igiya.
Kibiwot na biye da mu a tsohon babur ɗinsa.
Ya rage wuta, ya jera da ni, bai dube ni ba.
Nawa kika yi?
Na faɗa.
Zagayen ƙarshe fa?
Na ce numfashi ya rage, ƙafa ce babu.

Ya yi shiru har muka wuce shagon mai faci.
Ya ce: wannan lissafin Janairu ne,
kar ki kai shi Yuni ya yi miki shaida.
Kwana huɗu babu gudu. Kin saya, ki biya.
Amma da yamma na hango shi a bakin kicin,
ya lashi bakin fensir,
yana rubuta lambar a littafinsa mai baƙin bango,
har ya ja mata layi a ƙasa.

Kwana huɗun nan a gida na yi su, Kapsowar.
Inna ta shiga gona, ruwa bai ɗauke ba,
ta tono kunya ɗaya tun lokaci bai yi ba.
'Yan ƙanana, kamar ƙwan tantabara,
fatarsu na saluɓewa da yatsa.
Na ce Inna, ai kin rage buhu.
Ta ce na sani.
Miƙo gishiri.