Inuwar da Ba Tawa Ba

Kafin ladanin Ƙofar Marusa ya yi shiru
na riga na ƙirga shebur bakwai, baro uku,
manjagara guda mai karyayyen haƙori,
da mesar da Rabe ya ɗaure da roba jiya
yana rantsuwa za ta kai mu Juma'a.

Oga suke ce mini.
Oga mai biro a bayan kunne,
mai wayar da ba ta san hutu ba.
Da can tafin hannuna kanta ce zalla,
yau ya yi laushi kamar na mai sayar da atamfa,
har kunya nake ji in miƙa shi ga Malam Iro,
wanda ya koya mini zurfin ramin dashe
tun ina yaron da ke ɗauko masa ruwa a garwa.
Yanzu sunansa na cikin littafina, layi na huɗu,
ni ke sa alamar ya zo ko bai zo ba.

Ranar Talata bai zo ba.
Ƙirji ya riƙe shi, in ji ɗansa.
Na daɗe ina kallon layin nan na huɗu,
sannan na rubuta ya zo,
na tuɓe riga, na haƙa ramukansa goma sha biyu.
Da la'asar hannuna ya yi bororo,
na ji zafin kamar gaisuwar tsohon aboki.

Alhajin Barhim ciyawar talabijin yake so,
kore shar, ba tabo, har tsakiyar bazara.
Na ce, ranka ya daɗe, ƙasar nan rairayi ce,
abin da ka ba ta da asuba ta shanye kafin hantsi.
Kirikiri ce ta san mu, ta san ƙishinmu.
Ya ce, ciyawar bakin hanya? A gidana?
Tanka biyu kullum. Na rubuta, ya sa hannu.
Sai ya nuna tsohuwar ceɗiyar da ke kusurwa:
a sare ta, tana zubo ganye kan mota.
Nan fa na cije.
Kwana uku ina lallami, ina awo, ina zane a ƙasa,
har na karkatar da hanyar motar taku shida.
Tana nan tsaye. Shi bai gode ba,
ita kuma ba ta sani ba.

Aikin ke nan: gara ta ƙasa, akuya ta sama.
Sada ya aske shinge kamar wanzamin da aka ɓata wa rai,
ni za a kira.
Albashi ya makara, mutum bakwai sun zuba mini ido,
na ofis ya ce gobe, mai iyali ya ce yau,
ni ina tsakani, hatsi a kan dutsen niƙa.

Gida nawa na yi wa kwalliya a birnin nan?
Ana gamawa a ja ƙofa, maigadi ya manta fuskata.
Gidan hayata kuwa siminti ne bango zuwa bango,
sai na'a-na'a a gwangwanin madara
da 'yata Baraka ke shayarwa da ragowar ruwan alwalata.

Jiya babur ya yi mini faci wajen Ƙofar Ƙaura,
daidai iccen bedin da na dasa shekara goma sha ɗaya,
lokacin bai kai gwiwata ba, na kewaye shi da ƙaya.
Yau mai faci ya kafa sana'a a gindinsa,
mai shayi ya jera kofuna,
wani ya rufe fuska da hula yana minshari kan benci.
Mai facin ya dube ni ina zufa, ya ce,
Malam, matso daga rana mana, inuwa ai ta Allah ce.

Na matso. Na zauna. Ban ce uffan ba.
Sai dai na ɗaga kai na ga reshe guda
ya fara leƙen wayar lantarki.
Na zaro biro daga bayan kunne:
Litinin, Rabe ya zo da tsani.