Takardar Koke a Ƙofar Marusa

Sana'ata rubutu, gindin bedi, Ƙofar Marusa,
tebur ɗaya, biro biyu, benci mai ƙafar aro.
Ranar wata Laraba suka zo mini su biyar,
koke za su kai ofishin walwala.

Sada makaho ya riga kowa buɗe baki:
"Rubuta mu a dunƙule, Malam. Masu lalura, ka ce.
Sili ɗaya ba ya shara,
kunnen ofis kuma ba ya jin ɗaiɗaiku."

Rabe ya daki hannun kekensa har ƙararrawa ta amsa.
"Bara ma haka ka ce.
Aka kira mu taro a saman bene,
ka hau da sandarka, ka ci shinkafa da sunana,
ni ina ƙasa ina gadin takalma."

Dela ba ta ji, amma ta ga jijiyar wuya ta tashi.
Ta ja hannun rigata, ta zuba magana da yatsu,
ɗiyarta Yalwa tana kwashewa tana ba ni:
"Ta ce rabon azumi, rediyo aka ba kowa.
Tata tana nan a kwali,
a kai take ɗora kwanon tuwo."

Barmo, wanda fatarsa ba ta ga maciji da rana,
ya gyara malfa, ya ce shi ko a jerin babu shi.
Can a ce masa tafi wurin 'yan'uwanka,
nan a ce ƙafa biyu, hannu biyu, me ka rasa?
Man shafawa yake nema,
da likitan da zai dubi gyambon kunnensa.

Ta biyar ba ta zauna ba.
Indo, wadda ciwo ya ci yatsunta ya warke tun tana budurwa,
tana tsaye nesa da benci, inda ta saba tsayawa.
Ba wanda ya ce ta matsa, ba wanda ya ce ta matso.
Ta ce: "Kuna ta gardamar kwando.
Ni ko cikin kwandon, gefe ake aje ni.
Kai Sada, kai Rabe,
wa ya taɓa shan ruwa a moɗata?"

Shiru, sai kukan injin markaɗe daga lungu.

Shekara ashirin ina wannan aiki.
Na san takarda mai hannu ɗari uku ana karanta ta,
mai hannu bakwai a naɗe ƙosai da ita.
Na kuma san suna ɗaya babbar riga ce:
da sunan kowa ake ɗinka ta,
mai ƙarfin murya ke sa ta ran salla.

Sai na ja layi ɗaya a sama, na sa kanu,
na tsaga ƙasa gida biyar.
Kowa ya faɗi nasa da bakinsa,
Dela da hannunta.
Sada ya ce ta yi tsawo, ba mai haƙurin karantawa.
Rabe ya ce a fara da matakala.
Ban saurari ko ɗaya ba.

Aka zo dangwala hannu.
Huɗu suka dangwala, tawada ta rage a soso.
Na dubi Indo, na dubi ɗan akwatin da na zana,
daidai faɗin babban yatsa.
Kunya ta kama ni, ni mai biro.

Ita ko ta tako, ta danna dungun hannunta a soso,
ta buga a takarda.
Tambarinta ya fi akwatin,
ya haura ya taɓa na Sada, ya shafi gefen na Barmo.
Rabe ya ja kekensa baya, wuri ya samu a inuwa.
Ba ta zauna ba. Amma ta ga ya ja.

Da la'asar Yalwa ta dawo ita kaɗai.
Wai akawu ya juya takardar, ya sake juyawa,
ya ce a wane fayil zai sa ta,
na ƙungiya ko na ɗaiɗaiku?
Yana jiran amsa kafin Litinin.

Na ce ta zauna tukuna.
Har yanzu biron yana bayan kunnena.