Kadan da Ya Shiga Kasuwar Barci

Ranar Talata, tara ta gota,
Hansatu ta faɗo laburare ko sallama babu,
waya a hannu, numfashi sama-sama:
"Malam, kada ya baro kogi!
Ga shi a Kasuwar Barci, layin 'yan gwanjo,
har ya ci mutum biyu."

Na ce, wa ya ce?
Ta ce, an ce.
Na ce, shi wannan An-ce, ɗan wace unguwa ne?
Wa ya san ubansa?
Aji ya tuntsire da dariya, ban da ita.

Na ture rajistar aro gefe,
muka kewaye hoton nan
kamar yunwa ta tara mu a kan akushi ɗaya.
Na ce kada kowa ya dubi kadan,
ku dubi abin da ke bayansa.

Shiru.
Fanka na ta kukanta a sama.

Can Ishaya ya ɗora yatsa:
"Rubutun allon shagon nan ba namu ba ne,
ba boko ba, ba ajami ba."
Muntari, wanda bai taɓa ɗaga hannu a aji ba,
ya ce a hankali,
"Inuwar mutumin ta yi gabas,
ta kadan ta yi yamma.
Rana nawa ce a sama?"

Da can muna cewa gani ya kori ji.
Yanzu ganin ma sai an tsare shi a ƙofa,
an tambaye shi daga ina.

Na ce, wa ke da ɗan'uwa a kasuwar?
Hansatu ta kira gwaggonta mai atamfa.
Muryar ta fito tare da hayaniyar 'yan dako:
"Kada? Ke, abin da ke cin mu tun safe
rashin ciniki ne."

Ban sallame su ba.
Na jawo tsohuwar durowar kati,
mai warin ƙaro da shekaru,
na nuna musu yadda lamba ke kai mutum gida:
ɗari biyar da casa'in da bakwai,
kanta ta uku, kusa da taga,
inda gara ta riga mu karatu.
Na ce ku fara da baya, can jerin kalmomi suke,
sannan ku dawo goshi ku ga wa ya rubuta,
a wace shekara, da kuɗin wa.
Littafin nan ya girmi iyayenku,
amma furfura ba hujja ba ce.
Shi ma mutum ne ya zauna ya rubuta shi,
mai mantuwa, mai son zuciya.
Ku nemo masa na biyu, ku haɗa su faɗa.

Abin da ban gaya musu ba:
wata shekara An-ce ya ratsa garin nan,
ya haye gada, ya dawo,
kafin la'asar hayaƙi ya rufe unguwarmu.
Ƙanena Lawi ya fita dubo gaskiyar magana.
Kekensa kawai aka maido mana,
da ledar burodi a rataye.
Tun ranar nake zaune a bakin wannan ƙofa,
ina tambayar kowane labari takardunsa.

Ƙararrawa ta buga.
Suka watse, kujeru a karkace,
littafin kada a kife a kan tebur.
Hansatu ta tsaya a bakin ƙofa,
babban yatsanta na shawagi a kan waya,
ta goge, ta juyo:

"Malam, ka ce ƙarya ta fi gaskiya gudu.
A ina ka karanta?"

Na buɗe baki.
Na rufe.
Na ce, dawo gobe, mu nema tare.