Kwalba ta Uku

Talatar nan ma kabu-kabu ya kawo ni
daga Bagalam, da ɗan bargona.
Habsu ta lalubo jijiya a bayan hannu.
"Ruwan nan manomi ne mai gaggawa," in ji ta,
"yana kashe ciyawa, yana taɓa gero.
Geron zai tofo."

Ɗis. Ɗis. Awa uku.

Gashina ya bi matashi tun kwalba ta biyu.
Fura ta koma ɗanɗanon ƙusa,
ƙamshin ƙuli-ƙulin maƙwabta na tayar min da zuciya.
Kwana biyar ina yashe kamar wanki.
Ran na shida na ci kopto, na nemi ƙari.

In zazzaɓi ya zo, an ce kar in jira safiya.

Saura uku.
Jikata na shafa kaina tana dariya:
"Kaka, kin zama ƙwarya."