Kogin da Ke Hawa Tudu

Direban Jos ne ya kawo shi
cikin ledar da ta sha manja.
Na karɓa a Wunti bayan La'asar,
na biya kuɗin da ba zan faɗa wa Hajjo ba.

A gida, Fadaman Mada,
na wanke hannu kamar mai shirin cin tuwo.
Ƙamshin tawada ya fara gaishe ni,
sai taswira ta zamo daga tsakiya,
ninki huɗu, ta baje a kan tabarma.

Shekara sha tara ina aikin safiyo.
Na auna filaye daga Yalwa har Miri,
na kashe gardamar magada da igiyar awo.
Kallo ɗaya na yi, na ja tsaki:
kogin nan tudu yake hawa!
Ya taso daga fadama, ya nufi ƙoƙon dutse.
Wanda ya zana, bai taɓa ganin damina ba?

Na saƙale fensir a kunne, zan gyara masa.

Ƙa'idoji shafi talatin,
sun fi takardar mallakar fili tsauri.
Ɗan lido mai fuska ashirin
shi ne alƙali, ba a ɗaukaka ƙara.
Ga mai fito da ba ya karɓar kuɗi,
sai ka ba shi sunan kakarka.
Ga kasuwar da ke ci a ƙarƙashin ruwa.
Wannan kam, na ce, ba laifi.

NEPA ta ɗauke, na kunna fitilar waya.
Shayina ya huce, ƙuda ya yi wanka a ciki.

Shafi na sittin da biyu,
cikin ɗan akwati mai launin toka,
littafin ya rage murya:
kai kaɗai, mai riƙe da labari,
wani abu na kwance a cikin dutsen,
shekara ɗari yana zuƙar kogin.
Kada ka faɗa musu.

Na zare fensir daga kunne.
Na mayar da shi aljihu a hankali,
kamar wanda ya yi sallama a gidan da ba nasu ba.

Ranar Asabar za su zo.
Kefas zai banka ƙofa bai saurara ba,
haka yake tun muna firamare.
Lantana za ta taya aljani ciniki
har ya rantse bai ci riba ba.
Giɗaɗo zai hura wa ɗan lido iska,
ya jefa, ya samu ɗaya, ya zargi teburin.
Ni kuwa zan zauna da dutse a ciki,
ina zuba musu gyaɗa.

Hajjo ta leƙo ta kafaɗata,
zani a ƙirji, barci a ido.
Ta ɗora yatsa a kan shuɗin layin,
ta bi shi sama, ta tsaya.
"Malam, ruwan nan ai hawa yake."

Na ce, "Haka na gani."
Na rufe littafin da tafin hannu.