Sha Biyu da Ɗigo Shida

Ran Laraba bayan asuba na murɗa makulli,
mota ta ce ƙas, ƙas, ƙas,
ta haɗiye sauran maganarta.
Fitilun gaba suka yi dishi-dishi
kamar aci-bal-bal da mai ya ƙare mata.
Kwana uku ke nan yaran Bilbis suna tura ni har gangare,
dala biyar-biyar nake sallamarsu.
Yau sun ce sai goma,
wai Afrilu ce, rana ba ta san dattijo ba.

Garejin yana bayan tashar Agadas a nan Tawa,
rumfar kwano, ƙasa baƙa ƙirin da tsohon mai.
Wani ya janyo jikinsa daga ƙarƙashin wata akori-kura,
ya goge hannu a wando, ya rusuna,
"Mushe, an kwana lafiya?"
Sai da na dube shi sau biyu.
Nomau ne, ɗan bencin baya,
wanda na zane a kan bakwai sau takwas,
na aika wa ubansa takarda
cewa yaron nan ba shi da kan lissafi.

Na ce, ina jin damarer ce ta mutu.
Ya ce, "Bari mu tambaye ta, Mushe, ita ta san ciwonta."
Ya ɗaga kafo.
Kawunan batir sun yi furfura,
wani gari fari mai ratsin kore,
cikinsa ya kumbura kamar tunkiyar da ta ci rogo,
ga wari na ruɓaɓɓen ƙwai.
Ya jiƙa kanwa a ruwan zafi ya zuba,
furfura ta yi kumfa ta gangara.

Sannan ya ɗauko ɗan akwati rawaya mai wutsiya biyu,
ja a kan ƙari, baƙa a kan ragi.
"Mai lafiya sha biyu da ɗigo shida yake.
Naka karanta da kanka."
Na gyara tabarau. Sha ɗaya da takwas.
"Murɗa."
Na murɗa, lamba ta faɗo bakwai,
faɗuwar guga da igiya ta tsinke.
Ya ara mata wuta daga motar maƙwabci, ta tashi,
ya sāke aunawa, sha huɗu cif.
"Mai cajin ba shi da laifi.
Ana zuba masa, riƙewa ce ba ya yi.
Zafin garin nan ya shanye ruwansa."
Ni dai ban ce komai ba.
Na san wani tsoho mai irin wannan ciwon.

Ya kashe ta, ya zare makulli ya ba ni.
Baƙar waya ya fara kwancewa, ja ta biyo baya.
Ya rungumo tsohon, shekara huɗu muna tare,
ya aje shi gefe a hankali, bai kifar ba.
Sabo ya shiga gurbi,
wannan karon ja ce gaba, baƙa ta rufe.
Ya ɗaure tam, ya shafa girisi da ɗan yatsa,
ya karce kwanan wata a kai da ƙusa.
Bakwai ɗinsa tana da ɗamara a tsakiya,
yadda nake yi a allo.

Murɗawa ɗaya ta amsa.

Na ce, nawa ne?
"Sabon jika sittin da biyu,
tsohon na karɓe shi a shida.
Saura hamsin da shida."
Ina cikin ƙirga da yatsa ya ƙara,
idonsa a kan sifana, ba a kaina ba,
"Bakwai sau takwas, Mushe."

Kuɗin aiki ya ƙi karɓa.
Na bar masa cukun da na sayo wa gida.

Da na shigo lungu yaran suna zaune jikin katanga,
sun riga sun naɗe hannun riga.
Na wuce su da hon biyu.
Ƙaramin cikinsu ya bi ni har ƙofa yana tambaya,
gobe ma za ta tashi?